Don Allah a taimaka: ta yaya Euler ya gano 641?

Assalamu alaikum malamai masana lissafi. Ina koyar da yara darasin yamma a nan Agege, kuma wata lamba ta hana ni barci tun makon jiya: 4,294,967,297. Ana samunta ne idan aka jera 2 guda 32 aka ninka su, sannan aka ƙara 1.

Fermat, masanin lissafin nan Bafaranshe, ya zaci duk lambobin wannan gida, wato waɗanda ake samu idan aka jera 2 guda 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu aka ninka su aka ƙara 1, ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, tunda 3, 5, 17, 257 da 65,537 haka suke. Sai a 1732 masanin lissafi Euler ya nuna cewa wannan ta rabu: 641 sau 6,700,417. Na gwada a kalkuletar waya cikin cunkoson Ikorodu Road, ta fita daidai, ba saura.

Inda na maƙale shi ne yadda ya yi ya kai ga 641 da alƙalami kawai. Na karanta cewa duk lambar da za ta raba ta dole ta zama ninkin 64 da ɗoriyar 1. In haka ne, idan aka tsallake waɗanda su ma suke rabuwa, kamar 65 da 129, gwajin bai wuce 193, 257, 449, 577 sai 641 ba, aikin rabin awa ke nan. To amma daga ina 64 ta fito? Wani ɗalibina ɗan aji biyar na sakandare ya yi mini wannan tambayar, na ce masa sai Asabar.

Na kuma lura cewa 641 ita ce 625 da 16 a haɗe. Ko wannan na da hannu a ciki? A yi mini bayani dalla-dalla, yadda yaro zai gane.