Wanke faifan garmaho da injin ultrasonic (mai wanki da girgizar sauti a cikin ruwa): a digiri nawa kuke barin ruwa?

Mai Garmaho, Kano: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi irin tankin nan mai cin lita 6, na 40 kHz, wanda ake jera fayafayai a sanda tana juya su. Yana da hita a jiki. Fayafayan mahaifina ne na 45 (masu juyi 45 a minti), sun sha ƙura da funfuna, ba na son in yi asararsu. Ku da kuka daɗe a harkar, in kunna hitar ko in bari?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Malam, kada ma hannunka ya je kan maɓallin. Masu cewa a ɗumama ruwa a ƙasashen sanyi suke zaune. Mu nan da bazara, ruwan da ya yini a ɗaki ya haura digiri 30 tun ba ka kunna komai ba. Kuma injin da kansa yake ƙara wa ruwa zafi in yana aiki. Ni da asuba nake wanki, in rana ta ɗaga in tsaya.

Baba Injiniya, Kaduna: Gaskiyarsa. Ɗumi kaɗan yana da amfani, don yana sassauta maiƙon yatsu da dattin da ya daskare cikin layukan faifai. Amma faifan roba ce ta PVC, kuma ɓangarensa na ƙasa ne kawai ke cikin ruwa, na sama a iska. In ruwan ya yi zafi, ɓangaren ƙasa ya buɗe, na sama bai buɗe ba, sai ka ga yana rausaya a kan sanda. Na gani da idona wajen digiri 40. Da ya huce ya miƙe, sai dai siraran fayafayan shekarun 1970 ba na yarda da su. Ni 35 ce iyakata. Ko Degritter, na'urar wanke faifai mai tsadar nan ta ƙasar Istoniya, a digiri 35 ɗin take dakatawa ta sanyaya ruwanta.

Hajiya Mai Tarin Faifai, Landan: Ni akasin haka ne wajena. Da hunturu ruwan kan yi sanyi ƙarara, nakan kai shi 30 in kashe hita, sauran injin ya ƙarasa. Ƙaraf-ƙaraf ɗin allura yana raguwa da wankin ruwan ɗumi fiye da na ruwan sanyi, a kunnena dai.

Ɗan Damagaram: Na manta, lambar da tankin ke nunawa kada ka dogara da ita. Nawa ya taɓa nuna 32, ma'aunin hannu ya ce 37. In zafin ruwa ya hau, kashe inji ka tsoma rufaffiyar gorar ƙanƙara, ka cire ta kafin ka ci gaba.

Baba Injiniya, Kaduna: Ɗana, tataccen ruwa za ka nema, ba na rijiya ko burtsatse ba. In a shagon masu batir za ka saya, ka tabbatar ba mai asid suka miƙo maka ba. In kuma akwai 'yan 78 (tsofaffin fayafayai masu juyi 78 a minti) cikin kayan, ware su gefe, domin sifirit, in an zuba shi a ruwan wanki, yana narkar da su.

Mai Garmaho, Kano: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Akwai 'yan 78 kuwa a ƙasan akwatin. Su da me kuke wanke su, Baba?