Kifin cikin kwalba: ku faɗa mana yadda ta kaya da naku

Wata uwa daga Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da ƙaramar salla na sayo wa autana jajayen kifin nan guda biyu, golfish, a kwalba mai zagaye da ba ta wuce cin lita huɗu ba. Kwana tara suka yi. Ana gobe za su mutu na ga suna tasowa saman ruwa suna ta buɗe baki, na ɗauka yunwa ce, na ƙara musu abinci. Da asuba na tarar da su ciki a sama. Yaron ya tambaye ni ko sun ji zafi, na rasa amsar ba shi, kuma abin ya tsaya mini a rai. Wanda ya taɓa ajiye kifi ya ba mu labari. Anya ba alhaki muke ɗauka ba?

Mai kiwon tarwaɗa daga Zariya: Wa'alaikumus salam Hajiya. Buɗe bakin nan ba yunwa ba ce, numfashi ne ya gagare su. Kashin kifi da ragowar abinci suna komawa amoniya, ita kuma tana ƙona masa wurin shaƙar iska. Abin da ke cinye gubar wasu bakteriya ne masu zama a soson filta, wato matatar ruwan akwatin kifi, kuma sai sun ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kankama. Kwalba ba ta da filta, to ina mafita? Golfish da kike gani yana wuce shekara 10 idan ya samu kula, tsawonsa ya haura taƙi guda.

Ni ma na yi nawa gangancin. Na ga soson ya yi baƙi, na wanke shi tas da ruwan famfo da sabulu, ina ganin gwaninta na yi. Ashe na kashe bakteriyar, ga kulorin, ga sabulu. Matattun kifi bakwai na kwashe cikin kwana uku. Tun daga ranar, a ruwan da na ɗebo daga akwatin nake matse soson.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Sakkwato: Mu zafi ne da rashin wuta. A watan Afrilu aka yi kwana biyu babu NEPA, famfon iskar akwatin kifina ya tsaya, ruwa kuma in ya yi ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Na kwana zaune da fitilar waya, ina ɗiban ruwan da kofi ina kwararo shi daga sama don ya yi kumfa. Hannuna har ya sage. Biyar suka rayu cikin takwas. Na bai wa wani maƙwabci mai sola waɗanda suka rayu, ban sake saye ba. Halittar da numfashinta ya rataya a kan wutar da ba ni da iko da ita, gaskiya ba zan iya ɗaukar amanarta ba.

Malamin Islamiyya daga Maraɗi: 'Yar'uwa, ajiyewa kanta malamai ba su hana ba. Sun kafa hujja da ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu, Annabi (SAW) yana tambayarsa labarinsa. Amma a Buhari da Muslim akwai matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Abin da ke ba ni tsoro, kyanwa tana kuka a ji ta. Nawa kifin sun yi sati suna maƙalewa a kusurwa kafin na gane ruwan ne ya ɓaci. Ke rashin sani ne, ki yi istigfari, amma yanzu kin sani.

Ɗalibin likitancin dabbobi daga Jos: Anti, game da tambayar ɗanki. A 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a cibiyar Roslin ta Sikotland sun gano jijiyoyin jin ciwo a fuskar wani kifi da ake kira tirawut. Waɗanda aka sa wa asid a leɓe sun riƙa goga bakinsu a tsakuwa, suka jinkirta cin abinci. Har yau wasu masana na gardamar ko yadda muke ji haka suke ji, amma ni bayan abin da na gani ina tare da ita. Kifina, irin da ake kira beta, ɗan asalin Tailan ne, yana son ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 27. Da sanyin hunturun Jos ya shigo, ya naɗe fukafukansa ya kwanta a ƙasa ya daina ci. Ranar da na sa masa hita ya fara zagaye. Garin Monza na Italiya ya hana ajiye golfish a kwalba tun 2004.

Uwar da ta fara magana: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na gaya wa yaron gaskiya, ya yi shiru, sannan ya ce kada a sake sa wani a ciki. Malam na Zariya, akwatin da ya dace da guda biyu lita nawa ne, kuma ruwan burtsatse zai yi? Sai na ji kafin in yanke shawara.