Wane Yaren Kwamfuta Ya Dace da Mai Farawa?

A wata tattaunawa da masu rubuta manhaja suka yi a birnin Kano, mafi yawansu sun shawarci sabon shiga ya fara da Python, wanda ya fito a 1991, saboda tsarin rubutunsa ba ya cike da alamomi masu rikitarwa. Wanda kuwa burinsa gina shafukan intanet ne, sun ce ya koyi HTML da CSS, waɗanda da su ake tsara fasali da kwalliyar shafi, tukuna, sannan JavaScript, domin shi burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ke gudanarwa kai tsaye.

An yi gardama kan PHP, wani yaren gina shafukan intanet. Wasu na ganin ya tsufa, amma a ganina masu kare shi sun fi hujja, tunda da shi aka gina WordPress, dandalin haɗa shafukan intanet wanda ya isa a haɗa wa ɗan kasuwar Kantin Kwari shafin tallar atamfa.