Inshorar alhakin sana'a ga dillalan gidaje da filaye: abin da kowa ya gani a inda yake aiki

Dillali mai ofis a Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan sana'a. Ina roƙon duk wanda ya taɓa yin inshorar alhakin sana'a, ko doka ta wajabta masa ita a inda yake, ya faɗa mana yadda take a aikace. Wani kamfani ne yake neman wanda zai kula masa da gidajen ma'aikatansa, ya karɓi haya, ya sa ido kan gyare-gyare, kuma cikin sharuɗɗansa akwai shaidar inshorar da za ta biya diyya idan kuskure ko sakacin ofishina ya jawo masa asara. Ina da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ina kuma da takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, wadda banki ya nema kafin ya buɗe mini asusun kamfani, amma wannan sharaɗi baƙo ne a gare ni. Ina son sanin nawa ake biya, wace irin asara take ɗauka, kuma a ina ta zama dole.

Dillaliya a Denver, Amurka:

Wa alaikumus salam Malam. A jihar Colorado ba zaɓi ba ne, domin duk mai lasisin dillancin gidaje da ke aiki dole ne ya riƙe inshorar kuskure da sakaci, wato ta alhakin sana'a, kuma mafi ƙarancin abin da hukuma ta yarda da shi shi ne dala 100,000 kan kowace ƙara da dala 300,000 jimilla a shekara. Wanda ya bari tasa ta ƙare bai sabunta ba, lasisinsa yana daina aiki, ba shi da ikon nuna gida ko karɓar la'ada har sai ya gyara. Hukumar tana shirya inshorar haɗaka wadda kowane mai lasisi zai iya shiga, kuma abin da nake biya a cikinta bai kai dala 300 a shekara ba. Jihohi irin su Tennessee da Kentucky da Iowa da Louisiana ma sun wajabta ta, amma New York, inda 'yan uwanmu suke da yawa a Bronx, ba ta wajabta ba, sai dai manyan ofisoshi kan yi wa kansu su cire kuɗin daga la'adar dillalansu.

Na ga amfaninta da idona. Na tsaya wa wani mai gida ya sayar da gidansa, ya cike takardar bayyana aibin gida da hannunsa, ya rubuta cewa ruwa bai taɓa shiga ɗakin ƙasa ba. Da ƙanƙara ta narke a shekarar da ta biyo baya ruwa ya cika ɗakin, mai saye ya kai ƙarar mai gidan, ya haɗa da ni da ofishinmu bisa zargin cewa na sani na ɓoye. Daga ƙarshe an cire sunana daga ƙarar saboda babu hujjar da ta nuna na sani, amma kafin a kai nan lauya ya yi watanni yana aiki, kuma da daga aljihuna ladansa ya fito da ya cinye la'adar wannan ciniki ya ƙara da ta wasu. Kamfanin inshora ne ya ɗauki lauyan ya biya shi. Abin da nake so Malam ya lura da shi ke nan: mai gaskiya ma yana bukatarta, domin wanke kai a kotu kuɗi yake ci.

Akwai kuma wani sharaɗi da mutane da yawa ba sa kula da shi. Irin wannan inshora tana duba ranar da aka kawo ƙorafi ne, ba ranar da aka yi cinikin ba. Wata abokiyar aikina ta dakatar da sana'a na wani lokaci saboda haihuwa, ta bar inshorarta ta yanke, da ta dawo ta yi sabuwa, sai aka kawo ƙorafi kan wani tsohon cinikinta. Tsohuwar ta riga ta ƙare, sabuwar kuma ta fara lissafi ne daga ranar da aka yi ta, don haka babu wadda ta tsaya mata. Da ta sayi ƙarin wa'adin da ake sayar wa masu barin aiki, da ba ta shiga wannan hali ba.

Dattijon dillali a cikin birnin Kano:

Hajiya, Allah ya yi albarka, bayaninki ya fito sarai. Amma ni tun ina saurayi nake dillancin gidaje da fuloti, kuma abin da ya riƙe mu shi ne shaidu da mai unguwa da takardar ciniki da sanin asalin mai kaya. Rigimar da take kai dillali ofishin 'yan sanda a nan ba ruwan ɗakin ƙasa ba ne. Fuloti ɗaya ne ake sayar wa mutum biyu, ko wani daga cikin magada ya sayar da gidan gado ba da yawun sauran ba, ko a zo da takardar shaidar mallaka ta jabu. Idan mai sayarwa ya karɓi kuɗi ya ɓace, mai saye ba ya ganin kowa sai dillali, a bar jaki a koma dukan taiki, alhali abin da ya shiga hannun dillalin bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, shi ma an raba shi da 'yan kayi-nayi. Tambayata ita ce, inshorar nan za ta biya irin wannan? Na biyu kuma, da yawa daga cikinmu zuciyarmu ba ta kwanta da inshora ba saboda abin da malamai suka faɗa game da riba da garari, wato cinikin rashin tabbas.

Ma'aikacin dillancin inshora a Abuja:

Baba, ranka ya daɗe, tambayarka ta farko ita ce gishirin maganar. Amsar ta rataya ne kan matsayin dillalin a cikin lamarin. Idan da saninsa aka yi damfarar, babu kamfanin da zai biya ko sisi, domin kowace takardar inshora tana cire ha'inci da laifin ganganci. Idan kuwa shi ma yaudararsa aka yi, kuma abin da ake tuhumarsa da shi shi ne bai yi binciken da ya kamata mai sana'a ya yi ba, misali bai je ofishin bayanan filaye na gwamnati, kamar KANGIS a Kano ko AGIS a Abuja ko KADGIS a Kaduna, ya tabbatar da takardar ba, to wannan sakacin aiki ne, kuma shi ne ainihin abin da aka yi inshorar dominsa. Na taɓa bin irin wannan ƙorafi ga wani ofishi, kuma abin da kamfanin ya fara nema shi ne fayil ɗin cinikin: wasiƙar da mai kaya ya ba su izinin sayarwa, sakamakon bincike, rasit, da shaidar cewa kuɗi ta banki suka bi. Ofishin da ba ya ajiye takardu zai sha wahala kafin a biya shi, ko da yana da gaskiya.

Game da kuɗi, ina ba Malam mai tambaya shawara kada ya riƙe wani adadi da zai ji a bakin wani, domin babu tsayayyen farashi kamar na inshorar mota mai biyan ɓarnar da aka yi wa wasu, wadda NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, ta ƙayyade naira 15,000 ga motar gida tun farkon 2023. A nan ana duba iyakar diyyar da kake nema, da abin da ofishinka yake samu a shekara, da yawan ma'aikatanka da takardun ƙwarewarsu, da irin aikin da kake yi, da ko an taɓa kai ka ƙara. Mai haɗa mai gida da ɗan haya kawai ba zai biya daidai da mai ƙiyasta darajar kadara ga banki ba, saboda kuskuren ƙiyasi yana iya kai miliyoyi. Haka nan idan ka yarda ka ɗauki kaso mafi girma na farkon kowace asara daga aljihunka, kuɗin shekara yakan sauka. Ka nemi farashi daga kamfanoni uku ta hannun dillalin inshora mai rajista da NCRIB, majalisar dillalan inshora ta Najeriya, kuma ka biya kafin ranar farawa, domin ƙa'ida a Najeriya ita ce wanda bai biya ba babu inshora a kansa, ko da takarda tana hannunsa.

Batun addini kuwa, Baba, akwai mafita. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful. A tsarin takaful abin da ka zuba gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, ana juya shi a harkokin halal ƙarƙashin kulawar kwamitin malamai, kuma idan an samu rara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba.

Mai kula da gidajen haya a Kaduna:

Ina so in ƙara wani abu da ban ga an taɓo ba, wato inshorar kuskuren aiki daban take da ta rauni ko ɓarnar dukiya. A wani bene da nake kula da shi, ƙarfen da ake dafawa a matakala ya ɓalle da wata baƙuwar ɗan haya, ta faɗo ta karye a ƙafa. 'Yan uwanta ofishina suka zo, domin ni suka sani, mai gidan kuwa yana wata ƙasa. Abin da ya cece ni shi ne na riga na rubuta masa cewa ƙarfen ya ci tsatsa, na haɗa da hoto da ƙiyasin mai walda, bai saki kuɗin gyara ba. Shi ya biya asibiti daga aljihunsa, domin ginin ba shi da inshora ko kaɗan, alhali Dokar Inshora ta 2003, a sashe na 65, ta wajabta inshorar gine-ginen da jama'a ke amfani da su, har da gidajen haya, kuma sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2025 ba ta sauke wannan wajibi ba. Ina ganin mu masu kula da gidaje muna da nauyin faɗa wa masu gida wannan magana ƙarara. Tun daga lokacin ba na karɓar kula da bene sai mai shi ya nuna mini takardar inshorar ginin, kuma yarjejeniyarmu ta fayyace wanda gyara yake wuyansa. Wasu sun janye gidajensu daga hannuna saboda haka, ban kuma yi nadama ba.

Ma'aikaci a ofishin ba da haya a Manchester, Ingila:

A Ingila abin hawa-hawa ne, kuma kowane da abin da yake karewa. Dole ne ofishi ya shiga ɗaya daga cikin hukumomin sasanta ƙorafi da gwamnati ta amince da su, rashin yin haka yana jawo tarar da ta kai fam 5,000, kuma hukumar da ofishinmu yake ciki ba ta karɓar mamba sai ya nuna inshorar alhakin sana'a. Tun Afrilun 2019 duk mai riƙe kuɗin masu gida ko na 'yan haya dole ne ya shiga tsarin kare kuɗin abokan hulɗa, tarar ƙin shiga kuwa tana kai wa fam 30,000. Idan kana da ma'aikaci sai ka ƙara da inshorar ma'aikata ta aƙalla fam miliyan 5. Maigidana ya yi ritaya ya sayar da ofishin, amma ya ci gaba da biyan inshora kan tsofaffin ayyukansa, saboda ana iya kai ƙarar karya yarjejeniya har shekara 6 bayan faruwar abin. Wannan ya yi daidai da gargaɗin Hajiya ta Denver.

Tsarin kare kuɗin abokan hulɗa shi ne na fi so a kwaikwaya a gida, domin yana mayar wa ɗan haya kuɗinsa idan ofishin ya ci amana ko ya rushe. Da yawa daga cikin kukan da nake ji daga 'yan uwa a Kano da Abuja na kafin alƙalami ne da aka ba wani dillali ya kashe wayarsa, kuma inshorar kuskuren aiki ba ta da abin da za ta yi wa irin wannan.

Dillali a Kumasi, Gana:

Mu a Gana dokar dillancin kadarori ta 2020 ta kafa majalisar da ke ba dillalai lasisi, ta sa inshorar alhakin sana'a cikin sharuɗɗan samunsa, ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi a cinikin kadara, sai ta banki ko ta waya. A zango har yanzu yawancin 'yan uwanmu da baki da amana suke aiki, amma manyan masu gine-gine da bankuna sun fara tambayar lasisi kafin su ba mutum kaya, kuma wanda ba shi da shi sai dai ya raɓu da ofishin wani a raba la'ada. Ni da wasu abokaina mun haɗu muka yi rajistar kamfani ɗaya, muka raba nauyin kuɗin inshorar a tsakaninmu, kuma hakan ya zo mana da sauƙi fiye da kowa ya yi tasa.

Ma'aikacin dillancin inshora a Abuja:

Malam mai tambaya, kafin ka biya komai ka koma wa kamfanin da zai ba ka aikin su rubuta maka iyakar diyyar da suke bukata, da kuma ko suna son ta haɗa da raunin da wani zai ji a cikin gidajen, kamar yadda ya faru a wajen mai kula da gidajen haya a Kaduna. Da yake za ka riƙa karɓar haya, ka tambayi farashin inshorar amanar ma'aikata, wadda take biya idan yaron ofis ya gudu da kuɗin da ya karɓo, domin ba ta cikin ta kuskuren aiki sai an ƙara ta. Ka duba ranar da takardar ta ce za ta fara lissafin tsofaffin ayyukanka, kuma duk ranar da wasiƙar lauya ko ƙorafi a rubuce ya iso ofishinka ka sanar da kamfanin inshorar nan take, kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya kafin su ba ka izini, domin yin hakan yana iya ba su hujjar ƙin biya.