Me ya haɗa "smart" da raɗaɗi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Jiya likita ya rubuta min maganin ɗigawa a ido. Ina duba takardar da ke cikin kwalin sai na ci karo da "eyes may smart". Ni dai a sanina "smart" mai ƙwaƙwalwa ne, ko wanda ya ci gayu. To idona zai yi basira ne ko zai yi ado? Da na ɗiga kuwa, raɗaɗi na ji har da hawaye. Don Allah masana, ina alaƙar?

Wani malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ai abin da idonki ya ji shi ne asalin kalmar, basirar daga baya ta shigo. A tsohon Turanci, shekaru kusan 1,000 da suka wuce, ana cewa "smeortan", wato yin raɗaɗi. Danginta na nan da ransu: Bajamushe na kiran ciwo "Schmerz", mutanen Suwidin kuma "smärta".

Ga yadda ta yi tafiya. Da farko bulala ce ko duka mai shiga jiki ake siffantawa da ita. Dukan da ke shiga jiki kuwa da sauri yake sauka, sai kalmar ta koma kan mai hanzari. A ƙarni na 17 ta kai ga mai kaifin tunani, a na 18 ta hau kan sutura. Kada abin ya ba ki mamaki, mu ma haka muke yi. Zafi ciwo ne, amma in an ce yaro na da zafin nama, ba ƙuna ake nufi ba. Kaifi kuma na wuƙa ne, muka ara wa basira.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Malam ya gama magana, amma in ƙara kaɗan. Ba kowane ciwo ake ce wa haka ba. Raɗaɗin saman fata ne, irin na sabon yanka in an shafa masa aidin, ko ido in sabulu ya shiga. Zogin haƙori "throb" ne, sukar da ake ji a haƙarƙari in an yi gudu kuma "stitch". In raɗaɗin idon ya ƙi lafawa bayan ɗan lokaci, ko idon ya kumbura, ki koma wurin likitan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Malam, na gode Anti. Bai kai minti biyu ba ya lafa. Wannan misalin na zafin nama ne ya shigar min da abin. Ashe ita ma "smartphone" ɗin da ke hannuna jikar raɗaɗi ce!