Matasanmu na son fita bishara ta mako ɗaya: ta ina ake fara neman izini?

Sakataren matasa, Tudun Wada, Jos

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Shawara nake nema.

Matasan ikilisiyarmu sun ƙudura su fita bishara ta mako ɗaya zuwa wani ƙauye a ƙasar Wase bayan Kirsimeti. Mu 15 muka ba da suna: akwai ɗalibai, akwai tela, akwai nas guda biyu. Mun tara gwanjo, mun samu aron janareto da majigi, wani baba ma ya ce zai ba mu bas idan za mu sa mai. Da na kai takarda gaban dattawa, tambaya ɗaya Baba Fasto ya yi mini: wa ya kira ku? Na ce wani ɗan'uwa ne da ya yi bautar ƙasa a can ya ba mu labarin halin da ikilisiyar ƙauyen ke ciki. Sai aka ce mu dakata.

Jikin matasa ya yi sanyi, har wasu na cewa dattawa ba sa son ci gaban aikin. Ni ban yarda da wannan ba, amma ban san abin yi ba. Ta ina ake farawa? Wa ke da ikon amincewa? Me ya kamata takardar ta ƙunsa?

Mai bishara a karkara

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ni ina cikin waɗanda ake zuwa wurinsu, don haka bari in faɗa maka yadda abin yake daga wannan ɓangaren.

Tambayar Baba Fasto daidai take. Ku 15 ne, ku ci sau uku a rana har kwana bakwai, kwano 315 ke nan. Wa zai dafa? Matan ikilisiya ne, su bar aikinsu su tafi neman itace da ruwa. Bayan Kirsimeti rani ya fara kamawa, rijiya na ja baya, ga mutum 15 kowa na son wanka safe da yamma. Ba wanda zai buɗe baki ya ce muku kun yi nauyi, mu ba ma yi wa baƙo haka. Za a yanka kazar da aka ajiye don kuɗin makarantar yaro, a kawo muku da fara'a. An taɓa kawo mini tawaga ba shiri, bayan tafiyarsu matata ta leƙa rumbu ta fito ba ta ce komai ba. Dawar da za ta kai mu damina ta yi ƙasa sosai. Kuma yaran nan masu kirki ne, sun yi aiki da zuciya ɗaya, ba su sani ba ne kawai.

Sai batun gwanjo. Idan kuka raba da hannunku a gaban majami'a, ranar da kuka tafi ni za a tare: me ya sa gidan wane ya samu, namu bai samu ba? Maƙwabtanmu Musulmi kuma, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya muke zuwa jana'izar juna, za su ce da kaya ake jan mutane. Zaman lafiyar da aka daɗe ana ginawa, kwana ɗaya ya isa ya taɓa shi. Ku damƙa kayan a hannun dattawan wurin, sun san gwauruwa da maraya, Kirista ne ko ba Kirista ba.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan majigi. A daren za a ɗaga hannu, ku rubuta sunaye, ku koma Jos da murna. Wa zai bi su gida-gida? Wa zai yi ajin baftisma? Mai bisharar wurin ne shi kaɗai da tsohon babur. Ku tambaye shi tun farko abin da yake bukata. Wataƙila ba wa'azin dare ba ne. Wataƙila rufin majami'a ne kafin ruwa ya sauka, ko a koya wa malaman makarantar Lahadi, ko Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi. Kuma ku tuna a wajejen nan akwai tsofaffin da Tarok ya fi kama kunnensu, ku nemi mai fassara daga cikinsu.

Rabaran mai ritaya, Bukuru

Ɗana, mai bishara ya gama rabin magana. Ga tsarin.

A Ayyukan Manzanni sura 13, ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu ta sallame su. A sura 14 kuma can suka koma suka ba da labarin aikin. To ikilisiya ke aike, ba ƙungiyar matasa ita kaɗai ba.

Ku fara da mutum biyu, dattijo ɗaya da matashi ɗaya, su je su kwana a ƙauyen. Su zauna da mai bisharar ƙauyen, ya kai su gaida mai unguwa ko dagaci. Idan ana son zuwanku, takardar gayyata ta fito daga can, da sa hannun faston da ke bisa mai bisharar. A ECWA magana kan tashi daga ikilisiya zuwa ƙaramar majalisa (LCC) zuwa majalisar gunduma (DCC), a COCIN kuma daga ƙaramar majalisa (LCC) zuwa majalisar yanki (RCC). Tunda za ku shiga yankin da ba naku ba, shugabannin can su sani a rubuce. Idan ma'aikacin na EMS ne, wato ƙungiyar mishan ta ECWA, a sanar da mai kula da shi.

Takardarku ta faɗi wanda ya gayyace ku, aikin da ya roƙa, sunan kowa da lambar wani nasa, inda maza za su kwana da inda mata za su kwana, da kuɗin komai har da abinci, mai, da abin da za a ba masu dafuwa. Ɗan ƙasa da shekara 18 ya kawo yardar iyaye a rubuce. Kuɗi ya bi ta hannun ma'ajin ikilisiya, kada ya shiga asusun mutum ɗaya. Hanyar ta Mangu da Pankshin da Langtang doguwa ce, ku tashi da sassafe, ba tafiyar dare. A sanar da 'yan sandan yankin, kuma idan mutanen wurin suka ce kada ku zo wannan makon, ba musu.

Mama nas, zumuntar mata, Angwan Rukuba

Yarana, na ga kun ce akwai nas biyu. Don Allah kada ku kwashi ragowar magungunan gidaje ku tafi da su. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ku shaida wa mai kula da asibitin sha-ka-tafi na wurin, ku yi aikin tare da shi. Idan kun gwada wa tsohuwa hawan jini kuka ba ta maganin mako biyu, in ya ƙare fa? Ku rubuta mata takarda zuwa asibitin da za ta ci gaba.

Ɗalibi, Jami'ar Jos

Baba Rabaran, da girmamawa. 'Yan mishan nan Bingham da Gowans da Kent da suka zo Najeriya a 1893, wa ya rubuta musu gayyata? Ɗan mishan Karl Kumm da ya iso Wase a 1904 fa? Ina tsoron kada takardu su kashe himma.

Rabaran mai ritaya, Bukuru

Tambayarka mai kyau ce, ɗana. Gowans da Kent sun rasu a 1894, kuma sai a 1902 aikin ya samu wurin zama a Patigi. Sun biya da ransu, ba na raina su. Amma su sun je inda babu ikilisiya ko ɗaya. Ƙauyen da yaran nan za su akwai garke, akwai makiyayi da ke kwana yana tashi da su. Shiga ba da saninsa ba raini ne, ko da niyya mai kyau ce. Himmar ina son ta, shi ya sa nake so dattawa su samu abin da za su sa wa hannu.

Sakataren matasa, Tudun Wada, Jos

Na gode ƙwarai iyayena. Na samu lambar mai bisharar ƙauyen, mun yi magana da yamma. Ya ce makon bayan Kirsimeti akwai biki a garin, masauki zai yi wuya, watan Fabrairu ya fi masa. Ya kuma ce mutum takwas sun isa, kuma in da hali a samo kafinta. Baba Fasto ya ba mu dattijo ɗaya, za mu je ranar Juma'a mu kwana. Mama, tambaya ɗaya: shinkafa da man gyaɗan da za mu riƙa a wannan zuwan na farko, matar mai bisharar za mu ba ko shugabar zumuntar mata?