Muhawara: Shin Rabon Kujerun Majalisar Wakilai Ya Yi Adalci?

Malami daga Zariya: Assalamu alaikum. Jiya wani ɗan'uwa ya ce rabon kujeru 360 na Majalisar Wakilan Najeriya ya tsufa har ya koma zalunci, kuma ina ganin ya faɗi gaskiya. Sashe na 49 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mazaɓu su kasance kusan daidai da juna wajen yawan jama'a, amma Abuja, wadda mutane ke kwarara cikinta dare da rana, kujeru biyu kacal gare ta, har ma wakili guda ne yake ɗauke da ƙananan hukumomin AMAC (ta birnin Abuja) da Bwari gaba ɗaya.

Hajiya daga Kano: Wa alaikumus salam, Malam. Ka ɗauko misalin da ya fi maka sauƙi. Adadin 360 a rubuce yake cikin kundin, saboda haka duk kujerar da za a ƙara wa Abuja, daga hannun wata jiha za a zare ta. Kano na da 24, Legas na da 24, Kaduna 16, Bayelsa kuwa biyar. Wacce daga cikinsu kake tsammanin za ta miƙa tata da hannu bibbiyu? Sannan da wane ma'auni za a raba, alhali rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, ita kuma wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta?

Lauya daga Kaduna: Hajiya, damuwarki tana kan hanya, sai dai doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 73 ya ɗora wa hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, alhakin sake duba iyakokin mazaɓu, muddin an samu tazarar aƙalla shekara goma tsakanin dubawa da dubawa, ko bayan sabuwar ƙidaya. Ƙara yawan kujerun ne mai wuya, domin sai an gyara kundin da amincewar kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya, da kuma majalisun jihohi 24 daga cikin 36.

Malami daga Zariya: Na gode, Barista. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, an riga an yi wa jihohi daidaito a Majalisar Dattawa, inda kowace ke da sanata uku, Abuja ɗaya, jimilla 109. Majalisar Wakilai ita ce aka gina a kan yawan mutane, kuma tunda wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke tafiya na shekara huɗu, mai zaɓe a cunkusasshiyar mazaɓa muryarsa ba ta kai ta takwaransa a ƙaramar mazaɓa ba.

Hajiya daga Kano: Wannan hujjar na karɓe ta, Malam. Amma ban yarda a taɓa kujera ko ɗaya ba sai an yi ƙidayar da Arewa da Kudu duka suka amince da sakamakonta.